Abin da Ke Koro Mage Daga Yashi Zuwa Tabarma

A Sabon Gida da sauran garuruwan Madawa, Buza da Keita, ba don ado ake ajiye mage ba. Aiki take yi. Ita ke gadin rumbun gero da dawa, ita ke kwana a shagon ɗan tireda tsakanin buhunan shinkafa da katan-katan na taliya, kuma gidan da take ciki kusu ba ya sakewa. Ba a biyan ta komai sai guntun tuwo. Ana zaune lafiya da ita shekara da shekaru, har ranar da aka wayi gari ta tsuguna a kan tabarma, ko cikin kwanon wanki, ko ma a kan dardumar sallah. Daga nan sai hukunci. Wani ya ce ƙeta ce, wani ya ce ta lalace, wani ya kawo maganar maita in an yi rashin sa'a baƙa ce. Yara su bi ta da jifa, ko a cusa ta a buhu a kai ta bayan gari. Wannan hukunci kuskure ne, kuma sau da yawa ran dabbar yake ci. Magen da ta saba haƙa yashi ta binne abin da ta yi, in ta sauya hali rana ɗaya, abu na farko da ya kamata a zarga shi ne ciwo. Hausawa sun ce abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi, kuma haka lamarin yake ga mai farautar ɓeran ma.

Sai an san asalin mage ake gane dalilin da ya sa mafitsara ce wurin da ta fi rauni. Binciken ƙwayoyin gado da aka buga a 2007 ya nuna cewa duk magunan gida na duniya sun fito ne daga magen daji ta Gabas ta Tsakiya da arewacin Afirka, dabbar busasshiyar ƙasa. A tsibirin Kubrus an tono kabarin da ya kai shekara 9,500 aka tarar an binne mutum da mage kusa da shi, wato tun farkon noma, lokacin da mutane suka fara tara hatsi ɓeraye suka biyo su. Wannan dabba ta saba samun ruwanta daga cikin abin da ta kama, domin jikin ɓera ko tsuntsu ko ƙadangare kusan kashi 70 cikin 100 ruwa ne. Shi ya sa ƙishirwa ba ta cika damun ta yadda take damun kare ko akuya ba. In ruwa ya yi ƙaranci a jikinta, ƙodarta sai ta matse fitsarin ya yi kauri, ya yi ƙarfin wari, ya ragu. Wannan baiwa ce a daji. Amma fitsari mai kauri da ya daɗe a mafitsara shi ne wanda gishirin cikinsa ke daskarewa ya zama yashi-yashi ko tsakuwa, shi ne kuma ke ƙona bangon mafitsara in ya riga ya yi rauni. Magen da nauyinta ya kai kilo 4 tana bukatar ruwa wajen mililita 200 a yini, a haɗa da wanda ke cikin abincinta. Bai kai cikin kofi guda na shan ruwa ba, amma a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi a jihar Tawa ke wuce digiri 40, sai a duba tsakar gida a gani ko tana da inda za ta same shi. Randa a rufe take da faifai, jarka da murfinta, kaskon kaji ya ƙafe tun hantsi, kwatamin wanka ruwan sabulu ne. Ba mugunta ce ta sa aka hana ta ba. An ɗauka ne kawai cewa tunda ba ta roƙo, ba ta bukata.

Likitocin dabbobi sun haɗa cututtukan mafitsara da na hanyar fitsarin mage a rukuni ɗaya, saboda alamunsu iri ɗaya ne ko da musabbabin ya bambanta. Za a ga tana zuwa wurin yashi a kai a kai, ta haƙa, ta tsuguna, ta daɗe tana yunƙuri, ta tashi ba abin da ya fito sai ɗigo biyu ko uku. Wani lokaci ta yi kuka tana tsugune. Tana yawan lasar ƙasan wutsiyarta. Ɗigon da ta bari kan siminti yakan yi ja-ja ko ruwan hoda. Mai gida da ya ga jini yakan tuna da tsargiyar yaran da ke wanka a tafki, amma ba ita ba ce. A magunan da ba su kai shekara 10 ba, fiye da rabin masu wannan alamu ba a samun tsakuwa ko ƙwayar cuta a jikinsu. Kumburin bangon mafitsara ne kawai, kuma aikin da Farfesa Tony Buffington da abokan aikinsa suka daɗe suna yi a Jami'ar Jihar Ohayo ta Amurka ya nuna cewa yana da alaƙa ta kusa da firgici da rashin kwanciyar hankali. Sabon kare a gida, baƙon muzuru da ke hauro katanga, tashi daga gida zuwa gida, hayaniyar biki, yaran da ke bin ta da gudu, duk suna iya tayar da ciwon ga magen da jikinta ke da wannan rauni. Tsakuwa da toshewa ne ke biye. Ƙwayoyin cuta kuwa, waɗanda kowa ke fara zargi, kaɗan ne ƙwarai a ƙananan maguna, sai a tsofaffi masu ciwon ƙoda ko ciwon sukari.

To me ya kai ta tabarma? Mage ba ta san mafitsara ba, wurin da ta ji zafi ta sani. In ta tsuguna a yashinta sau uku tana jin raɗaɗi, sai ta ɗora laifin a kan wurin, ta tafi neman inda ba zai yi mata ciwo ba, mai laushi ko mai sanyi: tulin wanki, katifa, simintin ɗaki, cikin daro. Ga kuma matsuwa, domin kumburarriyar mafitsara ba ta jira. Ramuwar gayya irin ta ɗan Adam, a ƙulla abu a zuci a jira lokaci, babu wata shaida da ta nuna mage na yin ta da fitsari. Nan ne duka ke zama ɓarna biyu. Ba ta haɗa sandar da abin da ta yi ɗazu, abin da take koya kawai shi ne mutanen gidan sun zama abin tsoro. Tsoron kuma shi ne makamashin ciwon. Wanda ya dake ta don ta daina, da hannunsa ya ƙara yiwuwar ta sake.

Wurin da maganar ta fi tsanani shi ne muzuru. Hanyar fitsarin namiji doguwa ce, kuma can ƙarshenta faɗinta bai kai milimita 1 ba. Majinar kumburi da ɗan yashin gishiri suna iya cakuɗuwa su toshe ta ɗungurungum. Ƙoda na ci gaba da aiki, mafitsara na cika, ba mafita. Cikin yini guda dattin da ya kamata ya fita sai ya fara taruwa a jini, sinadarin fotasiyam ya hau, shi kuma in ya yi yawa bugun zuciya yake rikitawa har ya tsayar da ita. Muzurun zai daina cin abinci, ya yi amai, ya ɓuya ƙarƙashin rumbu ko bayan buhuna, jikinsa ya yi sanyi. In aka taɓa ƙasan cikinsa a hankali za a ji mafitsarar ta yi tauri kamar goruba, kuma zai yi ƙara. Kada a matsa, tana iya fashewa. In ba a buɗe hanyar ba, kwana 2 zuwa 3 ya mutu. Mutane da yawa suna ganin yunƙurin su ɗauka bayan gida ne ya ƙi fita, su ɗura masa mai su jira gobe. Wasu kuma sai sun ga gawa su ce guba aka ba shi, har a yi ta zargin maƙwabci. Maganin toshewa ɗaya ne: likita ya yi masa allurar barci, ya zura siririyar roba ya buɗe hanyar, ya wanke mafitsara, ya yi masa ƙarin ruwa. In babu kayan wannan aiki, ƙwararre na iya zuƙe fitsarin da allura ta fatar ciki don a samu lokacin kai shi inda ake da su. Ba aikin da za a gwada a gida ba ne.

Za a ce wannan ai cutar magunan Turai ce, waɗanda ake kullewa a bene ana ba su busasshen abincin leda, namu kuwa suna yawo, suna kama kusu, duk gari yashi ne. Akwai gaskiya a ciki. Binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna ciwon ya fi kama magen da ba ta fita, mai ƙiba, mai cin busasshen abinci wanda ruwan cikinsa bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Magen ƙauye da ke farauta a gona ta fi ta kariya. Sai dai a duba yadda zamanmu ke sauyawa. Magen shago da ake rufewa daga isha'i zuwa safiya, cikin ɗakin kwano mai zafi, ba ruwa ba yashi, da me ta fi ta bene? Riƙe fitsari take yi dare guda cur, ko ta yi a kan buhu a dake ta da safe. Gidaje a Madawa da Ƙwanni da Tawa ana ta shafe tsakar gida da siminti, ɗan kusurwar ƙasa da take haƙawa ya ɓace. Abincinta kuma, in farauta ta yi wuya, tuwo ne da shinkafa. Mage dabba ce mai cin nama zalla. Nama na sa fitsarinta ya yi ɗan tsami, wanda ke hana irin tsakuwar da ake kira sitirubait haɗuwa, hatsi kuwa yana rage wannan tsamin. Wani abu kuma, rashin ganin ciwo ba shi ne rashin ciwo ba. Magen da ke fitsari a bayan gida cikin duhu ba mai ƙirga mata sau nawa ta je. In ta mutu a ƙarƙashin kara, sai a ce ta ɓata.

Akwai haɗari guda da ya shafi yankinmu musamman. Ƙasar Madawa da Galmi da kwarin Tarka da Majiya ƙasar albasa ce, kuma ba miyar da ake yi babu ita. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe ko gari, suna ɗauke da sinadarin da ke fasa jajayen ƙwayoyin jinin mage. Wadda ake zuba wa ragowar miya kullum tana iya yin fari fat a dasashi, ta yi kasala, fitsarinta ya koma ja mai duhu. Haka ma wadda ta ci ɓeran da ya ci guba irin mai hana jini daskarewa, wadda ake sayarwa a kasuwa, tana iya fitsarin jini. Saboda haka in an ga ja a fitsari, a tuna abin da ta ci cikin kwanakin nan, a kuma faɗa wa likita. Mafi muni duka shi ne maganin mutane. Hantar mage ba ta da isasshen abin da ke narkar da farasitamol, ƙwaya ɗaya ta miligiram 500 tana iya kashe ta: fuska ta kumbura, dasashi ya yi ruwan ƙasa, numfashi ya gagara. Ibufurofen da diklofenak kuma ƙoda suke lalatawa. Tausayi ne ke sa a ɓallo ƙwaya daga wurin mai tallar magani a tura mata, amma sakamakon kisa ne. Kafson kashe ƙwayoyin cuta ma mafi yawan lokaci a banza ake ba ta. Abin da ke ruɗar mutane shi ne kumburin mafitsara, in babu toshewa, yakan lafa da kansa cikin kwana 5 zuwa 7. Duk abin da aka ba ta a kwana na uku, kafso ne ko jiƙo, shi ke karɓar yabo. Bayan ƴan watanni ciwon ya dawo, domin ba a taɓa musabbabinsa ba.

Ba kowane fitsari a wurin da bai dace ba ne ciwo, wannan ma gaskiya ne. Muzurun da ba a fiɗiye ba yana fesa fitsari don shata iyakar yankinsa. Bambancin a bayyane yake ga mai lura: mai shata iyaka a tsaye yake yi, ya juya baya ga bango ko ƙofa ko buhu, wutsiya a miƙe tana rawa, ya fesa kaɗan ya wuce abinsa ba nishi. Mara lafiya tsugunawa yake yi, yana daɗewa, yana dawowa. Fiɗiya a hannun likita tana kawar da fesawar a wajen 9 cikin muzurai 10. Tsohuwar mage kuma da ke shan ruwa da yawa, tana jiƙa yashi sharkaf tana ramewa, ƙoda ko sukari ake zargi. Abin lura shi ne duk waɗannan bayanai, babu wanda sanda ke warwarewa.

Hujja mafi nauyi da za a kawo ita ce ta talauci. A ƙasar da mace mai naƙuda ke shan wahala kafin ta isa asibiti, inda malaman dabbobi ke fama da rigakafin shanu da awaki da raƙuma, wa ke da lokacin mafitsarar kyanwa? Ba a raina wannan tambaya. Gaskiya ne ma'aikatar kiwo da likitocin dabbobi masu zaman kansu na karkara an shirya su ne domin dabbobin kiwo, kuma asibitin da ke da cikakkun kayan aikin ƙananan dabbobi sai a manyan birane irin su Yamai, ko asibitocin koyarwa na jami'o'in Sakkwato da Zariya a Najeriya. Amma wannan hujjar, in aka bi ta har ƙarshe, goyon bayan kulawa take yi. Inda magani ke da nisa, rigakafi da saurin lura su ne kawai abin da mutum ke da shi, kuma a wannan ciwo rigakafin kusan kyauta ne. Kaskon ruwa mai faɗi guda 2 ko 3 a inuwa, nesa da wurin kashinta, ana sauya ruwan kullum. Ɗan abin da ya rage wurin mahauci, huhu ko tumbi ko kan kifi, a dafa ba albasa ba gishiri ba magi, a ba ta har da romon, domin romon ruwa ne da za ta sha ba tare da an roƙe ta ba. Masu cewa in ta ƙoshi ba za ta kama ɓera ba, su lura cewa farauta ɗabi'arta ce, tana yi ko ba yunwa, kuma mara lafiya ce ba ta iya tsalle. A lissafin ɗan kasuwa ma, buhu ɗaya da kusu ya huda ya fi kuɗin abin da za ta ci a wata.

Wurin fitsarin kansa ba ya bukatar sayen komai. Sai a 1947 wani Ba'amurke mai suna Ed Lowe ya fara sayar da ƙasar yumɓu ta musamman don wannan aiki, kafin nan Amurkawa ma yashi da toka suke zubawa. Mu kuwa yashi mai laushi, wanda mage ta fi so, yana nan a kowane gulbi. A samu tsohon daro mai faɗi ko jarkar da aka yanke ta tsawo, wadda za ta iya juyawa a ciki, a zuba yashi zurfin yatsa uku. A ajiye a kusurwar da ba mutane ke kai da kawowa ba, inda kare ko akuya ba za su rutsa ta ba, ba kuma kusa da abincinta ba. In magunan 2 ne a yi wuri 3, domin mai ƙarfi kan tare wa mai rauni hanya. A kwashe dattin kullum. Wannan kwashewar tana da amfani biyu. Na farko, mage tana ƙyamar wuri mai wari, za ta riƙe fitsari ko ta sauya wuri. Na biyu, ita ce hanyar da mai gida zai ga lafiyarta da idonsa: lafiyayya takan bar jiƙaƙƙen dunƙule 2 zuwa 4 a yini, in ya ga ƙananan ɗigo barkatai, ko ya ga yashin a bushe tun jiya, ya san da magana. Mai juna biyu kada ta yi wannan aiki, saboda ƙwayar tokzofilasma da kashin mage kan ɗauka tana iya cutar da ɗan tayi. Ƙwayar sai ta yi kwana 1 zuwa 5 a waje kafin ta iya kama mutum, wanda shi ma dalili ne na kwashewa kullum da wanke hannu da sabulu. A kuma raba yashin da inda yara ke wasa.

Saura batun tsarki, wanda shi ne ainihin abin da ke tunzura masu gida, kuma suna da hujja. A mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar Hausa, fitsarin mage najasa ne, dole a wanke abin da ya taɓa kafin a yi sallah a kai. Amma addinin da ya ce a wanke bai ce a azabtar ba. Hadisin Abu Ƙatada da ke cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik ya nuna ita kanta magen ba najasa ba ce, ana ma alwala da ragowar ruwan da ta sha, saboda tana cikin masu kai da kawo a gida. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito labarin matar da aka yi wa azaba saboda magen da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Mai shagon da ke kulle mage dare guda ba ruwa ya kamata wannan hadisi ya tsaya masa a rai. Darduma kuwa a wanke ta da ruwa mai yawa da sabulu, a shanya a rana, a riƙa naɗe ta ana ratayewa, domin in warin ya saura hancin mage zai sake jawo ta wurin.

Ga mai mage a Sabon Gida, ko Buza, ko Keita, ko ina ma: yau ka ajiye mata ruwa da yashi. In ta yi fitsari a inda ba ta saba ba, ka ajiye sanda ka zuba mata ido yini guda. In kuma muzuru ne ka ga yana tsugunawa ba abin da ke fita, kada ka ba shi ƙwaya, kada ka jira gari ya waye, ka sa shi a kwali ka nemi likitan dabbobi mafi kusa a ranar.